Shekara uku, har yau baƙo

Shekara 3 ke nan ina zuwa mashayar unguwarmu a Manchesta kallon ƙwallo, lemo kawai nake sha, amma har yau ni baƙo ne. Wani dattijo kuwa ko baki ba ya buɗewa, yana shigowa an cika masa kofi. Ni sai in yi ta tsayuwa gaban kanta kamar almajiri, ba layi, sai wanda mai sayarwa ya ga dama.

Ranar da na zauna a kujerar dattijon nan, kallon da na sha sai ka ce ɓarawo aka kama. Haba, kujerar gadon gidansu ce?

Ga kuma al'adarsu ta kowa ya saya wa tebur abin sha bi da bi. Na ce kuɗina ba ya sayen giya, shi ke nan na zama marowaci.