"Ya basha" da "ya wad": wa ke da baki a ɗakin tuhuma?

Duk wanda ya zauna a gidajen Hausawan Makka cikin azumi, a Shara Mansur ko Hindawiyya, ya san bayan tarawihi sai fina-finan Masar masu dogon zango a tashar talabijin ta MBC. Da wuya ka ga wanda babu ɗakin tuhuma a ciki: tebur, kujera biyu, jami'i na busa taba. Mari da tsawa ba su dame ni ba kamar yadda ake kiran suna.

Wanda ake tuhuma, ko da furfura ta cika masa kai, cewa yake "ya basha", wato yallaɓai. Jami'in kuwa, sa'an ɗansa, sai ya amsa masa da "ya wad", wato kai yaro. Tun 1952 Masar ta soke sarautun basha da bey, amma ga kalmar nan da ranta a bakin mai neman kuɓuta. Kafin a yi tambaya ta farko an riga an raba matsayi, ɗaya babba, ɗaya ƙarami, kuma mai kallo ya yanke hukunci a zuciyarsa. Mu ma a Kannywood haka ne, "yallaɓai" daga ƙasa, "kai, rufe min baki" daga sama.

Za a ce ai fim ne, dole a sa masa gishiri. Na yarda. Fina-finan Amurka ma, da ke karanta wa mutum haƙƙinsa na yin shiru tun hukuncin Miranda na 1966, mai laifi suke sa wa ya nemi lauya. To amma yaranmu daga nan suke koyon yadda ake tsayawa gaban hukuma. Dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya, da aka fitar a 2001 aka sabunta a 2013, ta bai wa wanda ake tuhuma damar ɗaukar lauya tun a matakin bincike, ta kuma hana azabtar da shi. Yaron da ya girma da "hadir ya basha", wato "to, yallaɓai", bai san da wannan ba, abin da ya haddace shi ne sunkuyar da kai.

Akwai kuma mutumin da ban cika gani a waɗannan ɗakunan ba: tafinta. A fim kowa Larabcinsa tsaf. Dattijuwar da ta zo Umara daga Katsina, wadda Larabcinta bai wuce na salla da ciniki ba fa? Ita kalma ɗaya, "aiwa", tana iya nufin na ji, ko na yarda, ko don Allah a ƙyale ni. Magana da Larabcin titi ake yi, a rubuta ta da Larabcin littafi, sannan a miƙo takarda a ce ta dangwala yatsa. Daidai nan kyamara ke juyawa, ta bi jami'in yana ɗaukar makullin motarsa.