Naira dubu da fanes ɗin gidanmu

Tunda Injiniya ya riga ni baza labarin nan a ƙofar masallaci bayan Juma'a, kuma ya tsara shi yadda ya ga dama, to ku ji daga bakin mai shi.

Kun san mun bar gidan haya mun tare a namu kafin sanyi ya shigo. Kun san Maman Yara ta sauka lafiya, Hajiya kuma ta zo daga Katsina zaman jego. Abin da ba ku sani ba, duk shekarun da na yi a Winifeg ta ƙasar Kanada ban taɓa yin ido biyu da fanes ba, wato injin da ke ƙona gas a ɗakin ƙasa yana hura ɗumi cikin gida. A gidan haya ɗumi zuwa kawai yake yi, in bai zo ba ka buga wa mai gida waya. Da takardar kuɗin wuta da gas ta Disamba ta iso sai na tara iyali na yi musu huɗuba, na ce daga yau duk makunnin da aka gani a kunne ba gaira ba dalili, a kashe shi.

Asubar wata Lahadi a Janairu na sauko da ƙafa daga gado, sai da na yi salati. Na je wurin ma'aunin da ke bangon falo, mun saita shi a kan 22, shi kuma yana nuna 13. A waje ana maganar 34 ƙasa da sifili. Ga 'yan gida masu kukan hunturun Jos, garin nan ne a ƙarshen 2013 jaridu suka yi ta yayata cewa ya fi duniyar Mas sanyi. Ga jariri a ɗaki, ga mai jego, ga suruka.

Na ƙara ma'aunin zuwa 30, shiru. Na kwashe batiran rimot ɗin talabijin na sa masa, shiru. Na buɗe akwatin wutar gida, babu abin da ya faɗi. Sai na kira Injiniya.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, Injiniya aikin gona ya karanta a Samaru. Sunan ya samo asali ne daga wani biki da janareta ya mutu, kowa ya rasa yadda zai yi, shi kuma ya zuba fetur. Tun daga ranar ba a sake jin ya ce bai san wani abu ba. Shi ne ya ce min mota ba ta buƙatar a jona mata wutar ɗumama inji da dare in dai sabuwa ce, na wayi gari ina roƙon mutane su ja min batir. Shi ne kuma ya ari shebur ɗina na kwasar ƙanƙara, mai hannun da ya lanƙwasa wanda ba ya sa ciwon baya, tun sanyin bara. Na gan shi jingine a garejinsa ranar suna da na je ɗauko kujeru. Ya ga na gani. Ya fara ba ni labarin farashin rago.

Amma da asuba wa za ka kira? Ya ɗauka ko sallamar kirki babu ya ce, "Filta ce." A nan kam yana da ɗan gaskiya: in matacin iskar ya toshe, injin yakan yi zafi fiye da kima ya kashe kansa, shi ya sa ake canza siririn mataci duk wata ɗaya zuwa uku. Na sauka da tocilar waya na zaro namu, ya yi baƙi ƙirin, da alama tun na tsohon mai gidan ne. Na tarar da sabo a jingine a bango na zura. Shiru.

"To bututu ne," in ji Injiniya. Irin injin namu yana da fararen bututu biyu da suka huda bango suka fita waje, ɗaya na jawo iska, ɗaya na fitar da hayaƙi, kuma in dusar ƙanƙara ta rufe su ba ya tashi. Na ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kan jallabiya, na zura takalman Maman Yara don su ne a bakin ƙofa, na fita da tsintsiya. Maƙwabcinmu, tsohon nan da kakanninsa suka zo daga Yukren, yana tsaye yana share hanyar gidansa da ba ta buƙatar shara. Ya bar ni na durƙusa na gama tone wani rami tas, gemuna ya daskare, sannan ya ce wannan na injin busar da kaya ne, na fanes suna ɗaya gefen. Na zagaya. Ko ƙwayar ƙanƙara babu a bakinsu. Ya ɗaga murya ya ce, "Ka duba makunnin?" Ni na ɗauka akwatin wuta yake nufi. Na ce masa na duba tun tuni, cikin muryar wanda ya san aikinsa.

Na dawo na tarar an tattara a ɗaki ɗaya da ƙaramar hita ta lantarki. Hajiya ba ta yi min magana kai tsaye, kun san halin, sai ta kalli 'yarta ta ce, "Ki ce wa uban yaran ya ɗauko gawayin gashin naman nan na gareji a hura a kasko. Mu da shi muka yi renonku." A nan ne kaɗai na haskaka a ranar. Na sunkuyar da kai na yi wa Maman Yara bayani, Hajiya na ji, cewa gidan nan a toshe yake ruf ta ko'ina, gawayi kuma yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji ya ƙi tashi, kuma saboda ita aka maƙala na'urar nan mai ƙara a kusa da ɗakunan kwana. Na ce ko murhun girki ba a buɗewa don ɗumama gida. Na bi famfuna na ɗan sassauta su suna ɗiga, don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Hajiya ta ce, "To, Allah ya sa a dace." Na ji kaina ya ƙara girma.

Wannan girman kan ne Injiniya ya hau. Ya turo min bidiyon wani Ba'amurke yana cewa yawancin matsalar fanes daga wani ɗan ƙarfe ne mai tabbatar da wuta ta kama, in ya yi datti sai a ciro shi a goge da takardar dala. To kuɗin Kanada tun daga 2011 aka fara mayar da su na leda, santsi ne da su, ba su goge komai. Gidan kaf babu kuɗin takarda sai a jakar Hajiya. Haka na aiki Maman Yara ta ranto min naira dubu wurin mahaifiyarta, ba tare da bayani ba.

Na buɗe murfin injin. Abubuwa biyu na gani kusa da inda wuta ke kamawa, na zaɓi wanda ya fi kama da abu mai muhimmanci. Na kwance shi, na naɗe shi da naira, na dirza da ƙarfina. Na ji wani ɗan ƙas. Na mayar da shi, na rufe murfin, ban gaya wa kowa ba. Injiniya ya tambaya ko 'yar fitilar da ke leƙowa ta tagar murfin tana ƙiftawa, na ce ko alamar haske babu. Ya ja numfashi ya ce, "Inna lillahi. Allon da ke sarrafa injin ya ƙone. Sai dai sabo."

Na kira kamfanin gyara, kuɗin gaggawa, kuɗin Lahadi. Da suka ji akwai jariri suka ce ga mutum nan zuwa. Wajen hantsi aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga wata yarinya 'yar Filifin da jakar kayan aiki, tsayinta bai kai kafaɗata ba.

Yanzu ku tsaya ku ga yadda aka jeru. Ƙofar ɗakin ƙasa tana cikin kicin. Maman Yara na tsaye da jariri a zani. Hajiya na zaune a kujerar cin abinci cikin bargo biyu da carbi. 'Yarmu Ummi na gefenta da kofin shayi. Ni ina gaba ina jan tawaga, ina zuba bayani da turancin da na haddace daga bidiyo tun asuba: na canza filta, na duba bututu, na tsaftace na'urar gane wuta, kuma binciken da muka yi da wani injiniya abokina ya nuna allon ne ya ƙone. Har da cewa "abokin aikina". Na riga na sauka mataki uku ina magana, sai na lura babu kowa a bayana.

Tana tsaye a saman matakala tana kallon bango, can sama da kai. Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "A'a, wannan makunnin fitila ne da ya mutu. Ba ya kunna komai."

Ta yi ɗage, ta sa yatsa ɗaya. Ƙyat.

Daga ƙasa sai muka ji wuuuu, fanka ta tashi.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba wanda ya ce uffan ba. Na kalli makunnin. Na kalli matakala. Na yi tunanin in ci gaba da sauka kawai in zauna a can har bazara. Yarinyar, Allah ya saka mata, ta fara cewa ai wannan yana faruwa kowane sanyi, makunnin kashe fanes ne, ana sa shi a hanyar fita don a iya kashe injin ba sai an matsa kusa da shi ba, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa na fitila. Har na fara gyaɗa kai irin na manya, ina shirin cewa lallai yara sai an sa musu ido.

Sai Ummi ta ajiye kofi. Ta ce da turanci, tiryan-tiryan, Baba ne ya kashe jiya da dare, ya ce wannan ma ɓarnar wuta ce. Sannan yarinyar nan, wadda muke roƙo da alewa ta yi Hausa take ƙi, wadda ko "ina kwana" sai an yi da gaske, ta juya wurin kakarta ta fassara. "Hajiya, Baba ne ya kashe. Da hannunsa." Ko kuskure ɗaya babu. Har da karin harshen Katsina.

Ni dai matsayina bai canza ba. Shaidar 'yar shekara biyar ba ta tabbatar da hukunci, kuma duk wanda ya sa makunni a bango bai rubuta komai a kai ba shi ya kamata a tuhuma.

Da a nan aka tsaya da na shanye. Amma fankar ta yi ta juyi, aka ji ƙyas, wuta ba ta kama ba. Ta sake, ba ta kama ba. Muka sauka. Yanzu 'yar fitilar tana ƙiftawa. Yarinyar ta yi min bayanin yadda abin ke bi daki-daki: ƙaramar fanka ta fara tashi, sai abin kunna wutar ya yi ja wur, sai gas ya buɗe, sai ɗan ƙarfen ya tabbatar wuta ta kama, sannan babbar fanka ta hura ɗumi. Namu ba ya yin ja. Ta ciro shi ta ɗaga a hasken tocila, ga tsaga nan ta ratsa shi. Ta ce wannan ko da yatsa ba a son a taɓa shi, fashewa yake yi kamar ƙwai. Ta nuna min wani siririn ƙarfe mai waya ɗaya a can ɗaya ƙarshen, ta ce ga wanda ake gogewa, kuma naku ma tsaf yake. Sai idonta ya sauka ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauko naira dubu, ta yi baƙi, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Wannan kuɗin ina ne?"

Allah ya taimaka tana da sabo a mota. Ba zan faɗi abin da na biya ba, don na san akwai masu buɗe kalkuleta su mayar da shi naira su kira ni su yi min jaje. Kafin ta tafi ta juya filtar da na sa, wai kibiyar da ke jiki injin take kallo. Ta manna tef a kan makunnin ta rubuta da manyan baƙaƙe kada a kashe.

Da gida ya ɗumama Hajiya ta yaye bargo ɗaya, ta ce wa 'yarta, "Ikon Allah, yarinya ƙarama da yatsa ɗaya." Can kuma ta ce, "Ki tambaye shi ko ya gama da dubu ɗayan." Na mayar mata da dala ashirin, ta karɓa, amma har ta koma Katsina tana cewa akwai canjinta a wurina.

Injiniya yanzu cewa yake yi tun kiran farko ya ce in duba makunni ban ji ba. Ina da saƙonninsa duka a waya. Ban fitar ba ne kawai saboda ina son shebur ɗina ya dawo lafiya, kuma an ce akwai dusar ƙanƙara ranar Talata. Tsohon maƙwabcin nan ma zan iya aron nasa, yana da uku, sai dai duk safiya in ya hango ni sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya yi kamar yana kunna wani abu a iska, don haka ta ƙofar baya nake fita yanzu.