Ƙungiyoyin matasa: a haɗu kan aiki ɗaya kafin a fara rabon kujeru

Taron ƙaddamar da gamayyar ƙungiyoyin matasa kusan kamanninsa ɗaya ne a ko'ina. A kama zaure, a rataye ƙyalle mai ɗauke da tambarin ƙungiyoyi birjik, wani ya miƙe ya tuna wa jama'a cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a tafa. Daga nan sai zaɓen shugaba da mataimakansa, da sakatare, da ma'aji, da mai magana da yawu. Kafin shekara ta zagayo dandalinsu na WhatsApp ya yi tsit, ko kuma gamayyar ta dare gida biyu, kowane ɓangare da nasa shugaban da takardarsa mai hatimi.

Yawancin waɗannan matasa da gaske suke. Abin da ke kayar da su shi ne sun haɗu ne domin a ce sun haɗu, babu wani takamaiman aiki da ya tara su. A ganina, haɗin kan da ke zuwa wani wuri shi ne wanda aka ɗaura a kan buƙata guda, mai iyaka, wadda ranar ƙarshe kowa zai iya cewa an samu ko ba a samu ba.

Dubi yunƙurin Not Too Young To Run a Najeriya. Ƙungiyar YIAGA ƙarƙashin Samson Itodo ce ta ja ragamarsa tun 2016, tare da ƙungiyoyin matasa masu yawa daga kudu da arewa waɗanda ba su yi tarayya a addini ko yare ko ra'ayin siyasa ba. Buƙatarsu jimla ɗaya ce: a rage shekarun tsayawa takara. Tony Nwulu ya gabatar da ƙudurin a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako a Majalisar Dattawa. To amma gyaran tsarin mulki ba ya ƙarewa a Abuja. Sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince, wato 24 cikin 36. A nan haɗin kai ya zama dole, domin babu ƙungiya ɗaya da ke da ƙafa a kowace jiha. Wadda ke kusa da majalisar jiharta ita ta san ɗan majalisar da ke sauraro da wanda sai an bi ta hannun wani, ita ta san ranar da za a yi zama, ita ke iya fito da mutane bakin ƙofa. Masu ofis a babban birni kuma suka riƙe ɓangaren lauyoyi da kafofin yaɗa labarai. Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Babu ƙungiyar da aka ce ta rushe kanta ta narke cikin wata. Kowace ta riƙe sunanta, ta kawo abin da take da shi.

Haka aka gani a Senegal. Ƙungiyar Y'en a Marre, wadda mawaƙan gambarar zamani da 'yan jarida irin su Fadel Barro suka kafa a farkon 2011, ta haɗa kai da ƙungiyoyin kare haƙƙi da jam'iyyun adawa kan abu ɗaya: hana Shugaba Abdoulaye Wade gyaran tsarin mulkin da zai sa a iya cin zaɓe a zagayen farko da kashi 25 cikin ɗari kacal. Ranar 23 ga Yunin 2011 jama'a suka cika gaban majalisa a Dakar, gwamnati ta janye ƙudurin a ranar. Matasan suka koma kan aikin sa takwarorinsu su yi rajistar zaɓe, kuma a Maris ɗin 2012 Wade ya sha kaye a hannun Macky Sall.

Akwai suka mai ƙarfi ga wannan ra'ayi nawa, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Masu sukar suna cewa haɗakar da aka gina kan buƙata ɗaya tana watsewa da zarar an ci nasara, sai tsofaffin 'yan siyasa ko sojoji su kwashe ganimar. Suna da hujja. A Masar, gamayyar matasan juyin juya hali, wadda ta tara 'yan ƙungiyar 6 ga Afrilu da matasan 'Yan Uwa Musulmi da masu ra'ayin gurguzu, ta ga faɗuwar Hosni Mubarak a Fabrairun 2011, amma ta rushe kanta a 2012. A Sudan, ƙawancen da ya kai ga tumɓuke Omar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019 ya shiga rikicin cikin gida kan mulkin riƙon ƙwarya, sojoji kuma suka ƙwace iko a Oktoban 2021.

Amma a duba da kyau inda ɓarakar ta faru. A duka ƙasashen biyu, an rabu ne lokacin da magana ta tashi daga "me muke so a daina" ta koma "wa zai zauna a wace kujera". Babu wata gamayya ta dindindin da za ta hana wannan, don kuwa ita kanta kujeru ce. Kuma a Sudan, abin da ya rayu bayan manyan ƙawance sun tarwatse shi ne kwamitocin unguwanni, waɗanda matasansu suka san juna ta hanyar aiki. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, daga cikinsu aka samu cibiyoyin agajin gaggawa da ke ciyar da mutane, suna kwashe marasa lafiya a wuraren da manyan hukumomin agaji suka kasa shiga. Amanar da aka tara a aikin farko ita ta yi aiki na biyu. Saboda haka watsewar haɗaka bayan ta gama aikinta ba ta tayar mini da hankali, muddin mutanen sun rabu suna iya ɗaga wayar juna.

Sai maganar da ba a son yi a bainar jama'a, wato kuɗi. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi suna neman tallafi ne daga hannu ɗaya, kuma mai bayarwa yana so ya ga sunan ƙungiya ɗaya a kan rahoto. Wannan ya mayar da abokan aiki kishiyoyi. Kowa na ɓoye wa ɗan uwansa sanarwar neman tallafi, kowa na tsoron a sace masa tunani. Mafi muni ita ce dangantakar manyan ƙungiyoyi masu rajista da akanta da iya rubuta takardar neman kuɗi da Turanci, da ƙananan da ke cikin unguwanni da ƙauyuka. Babbar ta karɓi kuɗin, ƙaramar ta tara jama'a, a ɗauki hoto, a ba ta kuɗin mota, a rubuta sunanta a shafi na ƙarshe a matsayin "abokiyar hulɗa". Wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai ƙara amsa gayyata ba, kuma ban ga laifinsa ba. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alƙawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a cika ba. Sannan a 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ta kuma rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID. Rijiyar ta ja baya, masu guga kuma ba su ragu ba. Ƙungiyoyin da za su yi saura su ne waɗanda suka yarda su yi tarayya a ofis ɗaya, da akanta ɗaya, da lauya ɗaya, su nemi tallafi tare da rubutaccen kaso na kowa.

Maganin zargi a kan kuɗi kuwa sananne ne, ƙarfin halin yin sa ne ke ƙaranci. Lokacin zanga-zangar EndSARS ta neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS a Najeriya, a Oktoban 2020, ƙungiyar Feminist Coalition ta riƙa wallafa abin da ya shigo da inda ya tafi, na asibiti, na lauyoyi, na abinci, har ranar da ta sanar da daina karɓar gudummawa. Ko ita ba ta tsira daga tambayoyi ba daga baya, amma tana da lissafin da za ta nuna. Gamayyar da ma'ajinta ba ya iya karanta wa mambobi lissafi duk wata, ta riga ta tanadi dalilin rabuwarta.

Wani abu da ƙungiyoyin matasa suka bambanta da sauran a kansa shi ne shekaru. Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 35. Ke nan kowace ƙungiya tana rasa ƙwararrunta ne bisa ƙa'ida, in dai sun yarda su sauka (wasu kam furfura ta cika musu gemu suna nan suna "mu matasa"). Idan alaƙar ƙungiyoyi biyu ta tsaya ga abotar shugabanninsu, ranar da ɗaya ya tafi ta yanke. Shi ya sa yarjejeniyar shafi ɗaya ta fi dogon kundin tsarin mulki amfani: ga abin da muka haɗu a kai, ga wanda zai yi magana da sunanmu, ga yadda za a raba kuɗi, ga ranar da za mu zauna mu ga ko akwai sauran dalilin ci gaba. A ƙara da sharaɗin cewa duk wanda ya karɓi muƙami ko ya fito takara zai ajiye matsayinsa a haɗakar, domin 'yan siyasa sun gane tuntuni cewa sayen shugaban gamayya ɗaya ya fi sauƙi a kan shawo kan ƙungiyoyi hamsin.

Ayyukan da za a haɗu a kansu ba su ƙare ba. A Najeriya ma, dokar 2018 ta buɗe ƙofar shekaru ta bar ta kuɗi a kulle. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. An yi wa matasa rangwame, amma rangwame alfarma ce da jam'iyya ke iya janyewa duk ranar da ta ga dama. Neman a ƙayyade kuɗin fom a cikin dokar zaɓe buƙata ce guda, ana iya rubuta ta a jimla ɗaya, majalisar da za ta yanke hukunci a kanta sananniya ce, kuma kowane ɗan majalisa yana da mazaɓar da ƙungiyoyin matasa ke zaune a cikinta.