"Na Sani" Da "Na Ji An Ce" Ba Ɗaya Ba Ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Daren Talatar da ta wuce, bayan isha'i, muna zaune a bencin mai shayi a unguwar Aboabo, nan Kumasi. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Legon ya zo hutu, yana can ƙarshen benci. Hira ta gangaro kan wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai an kama kifi da rubutun sunan Allah a jikinsa, wai duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga abin da ba ya so. Yaron ya gama saurara, ya ce da ni cikin ladabi: "Kawu, ta yaya muka san gaskiya ne?" Wani dattijo ya dire kofinsa. "Kun ji ko? Falsafar da ake cusa musu ke nan. Gobe zai tambaye ka ta yaya ka san akwai Allah." Yaro ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi shiru, kuma shirun nan ne ya hana ni barci.

Da na yi wa kaina irin tambayar yaron nan bara, da ban ji kunyar da na ji ba. Labari ya zo mini cewa wani malamin unguwa ya rasu, ban kira kowa ba na watsa shi. Mutane suka taso daga Asawase da Sawaba, wasu suka rufe rumfunansu a kasuwar Kejetia, suka isa ƙofar gidan da ta'aziyya a baki, suka tarar da shi a kan buzu yana alwala. Har yau in na gan shi sai in rasa inda zan sa idona.

Tambayar nan ba daga Legon ta fara ba. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambaye su. A Suratul Hujurat, aya ta 6, ya ce mu yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Malaman hadisi rayuwarsu suka ƙarar a kan "wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa?"

Kalmar falsafa daga Girkanci ta shigo Larabci, ma'anarta son hikima. Tana da reshen da ke tambayar mene ne sani, da wanda ke tambayar me ke akwai a haƙiƙa, sai na kyawun hali da na mantiƙi, wato tsara hujja. Musulmi sun shige ta tun zamanin Al-Kindi a Bagadaza, sannan Al-Farabi da Ibn Sina. Amma wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Mutumin da ke koyarwa a Nizamiyya, babbar makarantar Bagadaza, shi da kansa ya rubuta cewa ya zauna ya tuhumi idonsa. Ka dubi inuwa, in ji shi, sai ka rantse a tsaye take, bayan ɗan lokaci ka ga ta matsa. Ka dubi tauraro kamar tsabar dinari, lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. To idan hankali ya ƙaryata ido, wa ya tabbatar babu wani alƙali sama da hankali? Mai mafarki ma ai yana da yaƙini har sai ya farka. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali, ya ce ba tsara hujja ce ta fitar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Da a bencinmu ya faɗi haka, ina jin da mun kore shi kafin shayinsa ya huce.

Ba wai ya sallama wa masu falsafa ba. Ya yi musu raddi a mas'aloli 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma sai da ya karanci abin ciki da bai kafin ya buɗe baki. Kuma ya yi kashedi da masoyin Musulunci jahili, wanda ke musun lissafin husufin rana da wata yana zaton addini yake karewa, alhali sa masu ilimi yake yi su raina addinin.

Wanda ya yi karatun zaure ma ya taɓa wannan ilimi, ko bai san sunansa ba. Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, littafin tauhidi, da hukuncin hankali ta buɗe: wajibi (abin da dole ya kasance), da mustahili (abin da ba zai yiwu ba), da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi). Malamanmu kuma suka bambanta mana shi da hukuncin al'ada. Wuta tana ƙona auduga, kullum muna gani, amma abin da ido ya gani shi ne haɗuwarsu da ƙonewar. Wanda ya ƙaga ƙonewar shi ne ya ce da wuta ta zama sanyi ga Annabi Ibrahim (AS). Shi kuwa Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, domin zuciyarsa ta natsu, ba a kore shi ba.

Mu a Kumasi ba mu da damar ɓoye 'ya'yanmu daga tambaya. Yaro zai hau trotro, motar haya, mai wa'azin coci ya miƙe, zai zauna a kujerar roba mai tambarin Gye Nyame na Ashantawa, wanda ke nufin "sai dai Allah", zai shiga aji ya haɗu da mai cewa abin da ba a auna shi ba babu shi. Wannan na ƙarshen amsarsa ba ta da wuya: ita maganar tasa a wane sikeli aka auna ta? Amma yaron da aka daka wa tsawa a gida ba zai kawo tambayar gida ba, zai kai ta YouTube, can kuma kowa malami ne. Ban ce kowa ya faɗa littattafan falsafa ba, wanda bai iya iyo ba ba ya gwada zurfin tafkin Bosomtwe. A fara da tauhidi a gaban malami.

Da asuba na tsayar da yaron a ƙofar masallaci na ba shi haƙuri. Na ce maganar kifin ban sani ba, ji na yi an ce, kuma na goge ta. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, akwai wata tambayar." Na ce ya riƙe ta. Ranar Asabar bayan la'asar za mu je wurin Malam tare, na riga na ciro tsohuwar Ummul Barahin ɗina daga akwati na kaɗe mata ƙura.