Ba kowane tsoho mai mantuwa ne donepezil zai yi wa aiki ba

A Kano, da dattijo ya fara ɓata tsakanin masallaci da gida, sai a ce gigin tsufa ne, masu hali kuma su wuce kemis su sayo donepezil, maganin ciwon mantuwa. Gaggawa ce. Maganin ba ya warkarwa, yana ɗan farfaɗo da tunani ne na wani lokaci, kuma tun kafin a fara ana iya hasashen wanda zai amsa.

Babbar alama ita ce nau'in ciwon. Mai cutar Alzheimer a matakin farko ko na tsakiya yakan ɗan samu sauƙi. Wanda ya fi amsawa shi ne mai nau'in Lewy: yana ganin mutane a ɗaki alhali babu kowa, yau garau gobe a ruɗe, jikinsa ya sandare. Abin takaici, shi ne aka fi cewa aljanu ne, ko a danna masa allurar haloperidol, ta masu taɓin hankali, wadda kan iya jefa shi cikin mummunan hali. Wanda kuwa halinsa ya fara canzawa kafin mantuwa, kunya ta fita, yana ɓaro magana a gaban surukai, galibi gaban ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, donepezil na iya ƙara masa rikici. Mai mantuwa bayan shanyewar ɓarin jiki ya fi buƙatar a kula da hawan jininsa da sukari.

Saboda haka a fara da likitan ƙwaƙwalwa, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. A auna bitamin B12 da sinadarin maƙoshi (thyroid), a bincika ciwon damuwa, domin matsala a waɗannan tana kawo mantuwar da ake magancewa. A zazzage ledar magungunansa: Artane, amitriptyline da Piriton suna warware aikin donepezil. A ƙirga bugun zuciya. Idan bai kai 50 a minti ba, a dakata.

Ana farawa da 5mg da dare, sai bayan mako 4 zuwa 6 a kai 10mg. Wanda aka ɗora wa 10mg tashin farko, amai da gudawa ke sa iyali su jefar da maganin. In munanan mafarkai suka dame shi, a mayar da shi safe.

Gwajin tambayoyi mai maki 30 da likitoci ke auna tunani da shi yana zaluntar wanda bai yi boko ba. Gara mai jinya ta rubuta tun ranar farko: yana alwala daidai? Yana riƙe adadin raka'o'i? Bayan wata 3 a kwatanta. Idan ya tsaya inda yake, maganin yana aiki, kada a tsayar sai da shawarar likita.