Kwana takwas a gidan ubansu

Jiya na koma kotun da ta raba aurenmu, karo na huɗu, ina neman a sake duba kuɗin ciyar da 'ya'yana uku. Naira dubu 15 alƙali ya yanke a 2021. Har yau ita ce, in ma ta zo.

Tun ƙarfe tara nake zaune kan benci, sai bayan azahar magatakarda ya kira ni. Na gaishe shi, bai ɗago kai daga wayarsa ba. Na miƙa takarda, ya karɓa da yatsu biyu.

"Baiwar Allah, ba ke ce yaranki ke zuwa gidan ubansu duk Juma'a ba?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Su dawo Lahadi."

"To kwana takwas ke nan a wata yana ciyar da su. Shi ma cewa yake a rage. Ki gode wa Allah." Ya juya wajen abokin aikinsa: "Zawarawan nan da kuɗin yara suke zubin adashi."

Suka yi dariya. Ina tsaye a gabansu, hijabi ya jiƙe da gumi, bakina ya mutu.

Kwana takwas! Kuɗin makaranta da kwana ake biyansa? Zazzaɓin da ya kwantar da autata sai da ya tambayi gidan wa take kwana? Ranar Lahadi da ƙullin kaya masu datti suke dawo mini, ni ce sabulu, ni ce ɗan garuwa.

A mazhabar Malikiyya da kotunan nan ke hukunci da ita, riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Ci da sutura da makwanci kuwa suna wuyan uba, gwargwadon ƙarfinsa da halin da gari ke ciki. To garin bai canza ba? An cire tallafin mai a 2023, kwanon masara ya fi ƙarfin talaka. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70. Albashinsa ya motsa, abincin 'ya'yansa yana nan inda aka bar shi.

Gwamnati ta iya shirya auren zawarawa a gaban 'yan jarida, amma ta kasa sa a cire haƙƙin yara daga albashin uba kai tsaye. Masu wa'azi kullum mace ake ce wa ta yi haƙuri. Dangi kuma su ce in na gaji in mayar masa da 'ya'yansa, kamar kayan aro.

An ce in dawo bayan sati uku. Kuɗin adaidaita ma sai na ranta.