Daren da adafta ta cinye Gwaggo

Kyamarata ƴar ƙarama ce ta sakawa a aljihu, irin wadda in ka kunna idonta ya leƙo waje, in ka kashe ya koma ciki. Lafiya lau muke zaune har wani abokina ya nuna min hoton tafki da ya ɗauka: ruwa garau, ana hango duwatsun ƙasa, sama kuma shuɗiya shar. Ya ce aikin filtar folaraiza ne, wani ɗan gilashi mai duhu da ake murɗawa a bakin kyamara ya kashe ƙyalli. Ni kuwa ba a nuna min abu in yi barci.

Na sayo filta mai faɗin milimita 58, na zo ɗaurawa, babu wurin ɗaurawa. Yawancin waɗannan ƙananan kyamarori ba a yi wa bakinsu wurin murɗa komai ba, tunda idon kullum cikin shiga da fita yake. Sai da adafta, wato wani bututu da ake ɗaurawa a jikin kyamara, idon ya riƙa kai-komo a cikinsa, filta ta zauna a bakin bututun. Na sayo. Bakinsa milimita 52 ne. Ashe akwai wani siririn zobe da ba shi da aiki a duniya sai sasanta 52 da 58. Shi ma na sayo, na ƙara da filtar UV wai don kare gilashi. Da na gama harhaɗawa, kyamara ta koma kamar ɓeran da aka dasa wa hannun giwa. Aljihu kuwa tun daga ranar suka rabu.

Gaskiya folaraiza tana aiki. Ka tsaya ta gefe, ka saita gilashin mota, ka juya filtar a hankali, sai ka ga hoton gajimare ya narke, kujerun ciki sun fito fes. A kan ƙarfe tsura ba ta yin komai, kuma sama ta fi yin shuɗi in rana tana gefenka, ba gabanka ko bayanka ba. Ina cikin wannan bincike a kan motar maƙwabcina ya fito ya ce, "Malam, lafiya? Wani abu ka ajiye a ciki?"

Ana haka dangi suka taru a gidanmu da daddare, aka ce a yi hoto. Matasa suka zaro wayoyi, na ce kowa ya mai da, yau ƙwararre ne zai ɗauka. Maza suka tsaya a baya, Kawu a tsakiyarsu, aka ajiye wa Gwaggo kujera a gaba.

Na farko ya fito dishi-dishi, domin folaraiza tana shanye fiye da rabin hasken da ke shiga, ga shi a falo muke. Kusurwoyi huɗun nan kuma sun yi baƙi, saboda na buɗe zum har ƙarshe don kowa ya shiga, idon yana hango bakin tulin zobban da na jera masa. Na ce gwaji ne, na kunna filasha.

Filashar ƙaramar kyamara dab da ido take. Da ta haska sai bututun ya tare hanya, ya jefa inuwa mai siffar rabin wata a ƙasan hoto, daidai inda Gwaggo take. Kowa ya fito yana murmushi, ita kuwa sai goshi da saman tabarau.

"Kawo in gani," in ji ta.

Ta daɗe tana kallo. "Kai yaron nan, ni ce ka binne da raina?"

"Gwaggo, inuwa ce."

"Inuwar ta san ni ne da ta tsallake kowa?"

Na juya baya zan kwance bututun a ɓoye, ya ce bai san zance ba. Siririn alminiyam ne, iya matsawarka iya lanƙwashewarsa, iya ƙara cijewa. Ƙanwata ta ce a naɗa masa roba a murɗa a hankali. Daidai ta faɗa, amma ba a samu roba a gidan ba, ga Kawu ya fara duba agogo.

Nan dabara ta faɗo min. Tunda filasha a sama take inuwa ke faɗawa ƙasa, to a kifa kyamarar mana. Na juya ta ƙasa a sama, na lalubo madanni da babban yatsa, na ce kowa ya shirya.

Gwaggo ta fito tar, har zanen zobenta ana gani. Inuwa ta koma sama ta yi awon gaba da kawunan maza uku na tsakiya.

Ta karɓa, ta gyara tabarau, fuska ta washe. "Yauwa, ɗan albarka. Wannan za a wanko a sa a firem."

Kawu ya leƙo ta kafaɗarta. "To ni ina nake?"

"Ga rigarka nan," in ji ta.